Sai Bango Ya Tsage Ƙadangare Kan Sami Wurin Shiga

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, da ku yayyenmu waɗanda kuka riga mu fita kuka kama aikin gwamnati, muna roƙo ku ba mu aron hankalinku a kan wata 'yar na'ura wadda ta jawo muhawara a ɗakunan kwananmu kwanakin baya, muhawarar da aka soma da raha, aka tashi kowa ya sha jinin jikinsa. Wani ɗan'uwanmu mai karatun injiniya ne ya dawo da ita daga hutu. Siffarta kamar igiya ce mai lanƙwasa, kaurinta bai wuce na fensir ba, a bakinta akwai ɗan idon kyamara kewaye da ƙananan fitilu, ɗaya bakin kuwa a jikin wayar hannu ake sa shi. Ya kashe wutar ɗakin daga mita, ya kwance marfin soket, ya zura igiyar, sai ga cikin bango ya bayyana a fuskar wayar: yanar gizo-gizo, da ɓarɓashin siminti, da busasshiyar gawar kyankyaso. Nan take wani daga cikinmu ya buga tsalle ya ce ai ke nan an yi maganin 'yan leƙen asiri, tun da yanzu ko ɗalibi yana iya duba cikin bangonsa ya ga ko an dasa masa kunne.

Mun yi dariya a lokacin. Amma da muka zauna muka yi nazari, sai muka ga lalle maganar ta fi ƙarfin dariya, domin irin wannan tunani shi ne muke tsoron ya bi mu har ofisoshin da za a damƙa mana gobe.

Bari mu fara ba na'urar haƙƙinta. Masana suna kiranta boroskof, mu kuwa a nan za mu kira ta kyamarar leƙe. Ƙanwa ce ga wadda likitoci ke zura wa majiyyaci ta maƙogwaro su duba tumbinsa, wadda aka fara yin irinta mai lanƙwasa da zaren gilashi a shekarar 1957. Makanikai suna leƙa cikin inji da ita ba tare da sun warware shi ba, masu gyaran jirgin sama suna duba fukafukan da ke cikin injin jet, masu aikin famfo suna neman inda bututu ya toshe. Masu farautar na'urorin satar magana su ma suna riƙe da ita cikin jakarsu, kuma tana yi musu aiki sosai. Ta ramin soket, ko na makunnin fitila, ko ta 'yar huda wadda aka yi da abin huda bango, sukan leƙa su nemi abin da bai dace da wurin ba: wayar da ba ta zuwa ko'ina, ko batir, ko ɗan allon lantarki da aka manna da gam, ko sabon yaɓe a cikin tsohon gini, ko wurin da ƙura ta kwanta ko'ina amma nan an share ta. A shekarar 2013 ofishin jakadancin Ekwado da ke Landan ya gano makirufo a cikin akwatin soket na ofishin jakadiyarsu. Irin wannan ɓoyo, da irin wanda ake yi a saman silin, kyamarar leƙe tana iya tona shi cikin ɗan lokaci, ba tare da an fasa bango ba.

To, amma fa ido ce kurum, kuma ido ba ya ganin sai abin da ke gabansa. Mu ɗauki ginin da muka saba da shi, watau na bulo mai inci 9 ko mai inci 6. Kowane bulo yana da rami biyu, kuma kimanin bulo 10 ne ke cika murabba'in mita ɗaya. Ɗaki mai tsawon mita 4 da faɗin mita 4 da tsayin mita 3 zai ci bulo wajen 480, ke nan ramuka sun tasam ma 1,000. Ko da wasu sun haɗe da juna daga sama zuwa ƙasa, kwaɓin simintin da ya zubo tsakanin sahu da sahu yakan toshe hanya. Wa zai huda bango sau ɗari-ɗari don ya leƙa kowane rami? In kuwa aka zo kan ginshiƙi ko dakin da aka zuba da kankare, to, nan kyamarar ta makance ɗungum, domin babu ramin da za ta shiga. Wanda ya dasa kunnensa tun kankare yana ɗanye, ya riga ya yi wa mai kyamara nisa.

Wannan kuwa ya faru, kuma ga ƙasar da ta fi kowa tinƙaho da ƙwarewa ya faru. A watan Agusta na 1945 wasu yara 'yan makaranta na Tarayyar Sobiyet suka kai wa jakadan Amurka a Mosko, Averell Harriman, kyautar tambarin Amurka wanda aka sassaƙa da katako, alamar zumuncin ƙasashen biyu bayan yaƙi. Jakada ya ji daɗi, ya sa aka rataye shi a ɗakin karatunsa. Ashe a cikin katakon akwai wani ɗan gwangwanin ƙarfe mai siririn marfi kamar fatar ganga, da ɗan tsinken eriya. Ba shi da batir, ba shi da waya. In Rashawa suna son saurare, sai su haska masa igiyar rediyo daga wani gini na kusa, muryar mai magana ta girgiza marfin, girgizar kuma ta hau kan igiyar da ke komawa wurinsu. In sun kashe nasu injin, abin ya zama mataccen ƙarfe, ba ya fitar da komai da za a kama. Leon Theremin ne ya ƙera shi, mutumin nan da ya ƙirƙiro abin kiɗan da ake kaɗawa ba tare da an taɓa shi ba. Shekara bakwai tambarin yana rataye, jakadu suna zuwa suna tafiya, sai a 1952 aka gano shi. Amurka ta haɗiye abin ta yi shiru har 1960, sa'ad da Rasha ta harbo jirginta na leƙen asiri samfurin U-2, sa'an nan wakilinta Henry Cabot Lodge ya ɗauko tambarin ya buɗe shi a gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, watau dai in kun kama mu, mu ma mun kama ku.

Mai karatu zai zaci wannan ya isa darasi. Ina! A 1964 aka sake tono makirufo fiye da 40 a cikin bangayen ofishin jakadancin, an binne su a bayan ƙarafunan ɗumama ɗaki. Duk da haka, da aka zo gina sabon ofishi, Amurka ta sa hannu a wata yarjejeniya a 1972 wadda ta bar wa Rashawa aikin zuba ginshiƙai da sauran manyan sassan kankare a masana'antunsu, inda babu idon Ba'amurke ko ɗaya. Aka soma gini a 1979. Kafin 1985 masu bincike sun tabbatar cewa ginin mai hawa 8 cike yake da kayan saurare tun daga cikin ƙashinsa, aka sallami ma'aikatan Rasha, aiki ya tsaya cik.

A nan akwai wata dabara da ya kamata 'yan'uwanmu masu karatun kimiyya su lura da ita. Bayan kyamara, masu bincike suna da wata na'ura mai farautar kayan lantarki ko da a kashe suke. Takan aika igiyar rediyo cikin bango, in igiyar ta ci karo da diyod ko taransisto, sai ta dawo da amo mai ninki biyu na wanda aka aika, na'urar ta yi ƙara. Rashawa sun san da ita. Saboda haka suka zuba dubban ƙananan diyod marasa amfani a cikin kwaɓin kankaren, yadda duk inda aka ɗora na'urar sai ta yi kuka, a rasa na gaske a rasa na bogi. Wanda ya ɓoye allura cikin tarin allurai ya fi wanda ya ɓoye ta cikin yashi wayo. A ƙarshen 1991, Tarayyar Sobiyet tana gab da rushewa, shugaban hukumar KGB na ƙarshe, Vadim Bakatin, ya miƙa wa jakadan Amurka Robert Strauss taswirar wuraren da aka dasa na'urorin. Amurkawa suka karɓa suka yi godiya, amma zuciyarsu ba ta kwanta ba. Sai da suka sare saman ginin, suka kawo ma'aikatansu da kayansu daga gida suka ɗora sababbin hawa, ba a shiga ginin ba sai a shekarar 2000. Shekara 21 ke nan daga aza harsashi.

Wani zai ce wannan rigimar giwaye ce, ina ruwan ɗan tsako? To, ga labarin ɗan tsako. Timor ta Gabas ƙaramar ƙasa ce matalauciya wadda ta sami 'yancin kanta a 2002 bayan doguwar wahala, kuma kusan dukan abin da ta dogara da shi man fetur ne da iskar gas da ke ƙarƙashin tekun da ke tsakaninta da Ostireliya. A 2004 ƙasashen biyu suna cinikin yadda za a raba wannan arziki. A daidai lokacin nan Ostireliya tana taimaka wa Timor da gyaran ofisoshin gwamnati a Dili, babban birninta. Bisa shaidar wani tsohon jami'in leƙen asirin Ostireliya, wanda kotu ta sakaya sunansa ake kiransa Shaida K, an fake da wannan aikin taimako aka dasa na'urorin saurare a bangayen ɗakunan da firayim minista Mari Alkatiri da ministocinsa ke shawara. Ku duba wannan al'amari da kyau. Mutum yana ciniki da kai da rana, da dare kuma yana jin abin da kuke faɗa da iyalinka game da ƙarshen farashin da za ku iya karɓa. A 2006 aka sa hannu a yarjejeniyar da ta raba kuɗin filin gas na Greater Sunrise biyu daidai, ta kuma jingine maganar shata iyakar teku har shekara 50, alhali filin ya fi kusa da gaɓar Timor nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi ba mu tsoro a labarin nan shi ne yadda asirin ya tonu. Ba mai kyamara ne ya tona shi ba, ba kuma mai na'urar bincike ba. Mutum ne daga cikin waɗanda suka yi aikin zuciyarsa ta ƙi ba shi barci. Timor ta kai ƙara birnin Heg a 2013, a ƙarshen shekarar jami'an tsaron Ostireliya suka kai samame ofishin lauyanta Bernard Collaery, daga baya aka gurfanar da shi da Shaida K a kotu bisa laifin tona asirin gwamnati. Gwamnatin Ostireliya ba ta amsa laifin saurare ba, ba ta kuma musa ba. Sai a 2018 aka ƙulla sabuwar yarjejeniya wadda ta ba Timor kashi 70 ko 80 cikin ɗari, gwargwadon inda za a kai bututun gas ɗin. An yi wa Shaida K ɗaurin wata uku na jeka-ka-gyara-halinka a 2021, aka janye ƙarar lauyan a 2022. Wa ya san yawan ƙasashen da aka yi wa irin wannan aski amma ba su sami mai tsoron Allah a cikin masu askin ba?

Yanzu mu dawo gida Afirka. A watan Janairu na 2012 aka buɗe sabuwar hedkwatar Tarayyar Afirka a Addis Ababa, gini na dala miliyan 200 wanda ƙasar Sin ta biya kuɗinsa, kamfaninta ya gina, ta kuma sa kwamfutocin da ke ciki. Shugabanninmu suka yi tafi. A Janairun 2018 jaridar Le Monde ta Faransa ta buga rahoto cewa shekara biyar ana kwashe bayanan ƙungiyar kowane dare, tsakanin sha biyu da ƙarfe biyu, ana aika su Shanghai, kuma da aka kira ƙwararru daga Aljeriya da Habasha suka bincika ginin, sun sami makirufo a ƙarƙashin tebura da cikin bangaye. Gaskiya ta wajabta mu faɗi cewa Sin ta ƙaryata rahoton da kakkausar murya, haka nan shugaban hukumar Tarayyar na lokacin, Moussa Faki Mahamat, ya ce ƙarya ne. Mu ba alƙalai ba ne a wannan shari'a, kuma ba mu manta cewa ƙasar da jaridar ta fito tana da nata dogon tarihin sa baki a harkokin Afirka ba. Tambayarmu tana nan ko rahoton gaskiya ne ko ƙarya: yaya ƙasashe fiye da 50, cikinsu har da masu arzikin mai da zinariya, suka kasa haɗa kuɗin gina zauren da za su riƙa ganawa a ciki? A Disambar 2022 kuma aka aza harsashin sabuwar hedkwatar ECOWAS a Abuja, ita ma kyauta ce daga Sin. Ba mu zargin kowa da komai. Muna dai tuna wa kanmu cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Mun san amsar da za a ba mu, domin mun ji ta a ɗakin muhawara. Za a ce in har Amurka da dukiyarta ta faɗa wannan rami, mu su wa? Za a ce kuma talaka ba ya raina kyauta, kuɗin da za a kashe a ginin ofis gara a kai shi asibiti. Magana ta biyu tana da nauyi, ba mu raina ta ba. A karɓi kyautar hanya, a karɓi ta filin wasa da ta gada. Amma ɗakin da majalisar zartaswa ke zama, da wanda ake tsara cinikin mai ko sharuɗɗan bashi a cikinsa, ɗakuna ne ƙalilan, kuɗin gina su bai taka kara ya karya ba in aka gwada da abin da za a yi hasara idan abokin ciniki ya san cikinmu. Game da magana ta farko kuwa, labarin Mosko bai nuna cewa tsaro ba ya yiwuwa ba. Abin da ya nuna shi ne kuskuren ya auku ne a ranar da aka sa hannu a takardar 1972, shekara bakwai kafin a haƙa harsashi. Duk binciken da ya biyo baya ihu ne bayan hari.

Saboda haka muke juyowa gare ku, yayyenmu na ma'aikatu, domin irin wannan takarda ta teburin ƙaramin ma'aikaci take bi kafin ta isa gaban babban sakatare. Ku ne kuke rubuta daftarin kwangila, ku ne kuke karɓar agogon bango da kwalin ado da baƙi ke kawo wa mai gida, ku ne kuke buɗe wa mai gyaran iyakwandishan ƙofa ranar Asabar ku tafi cin abinci ku bar shi shi kaɗai. Da ɗan gari a kan ci gari, kuma sau da yawa ɗan garin bai ma san an ci da shi ba, sakaci ne kurum. Abin da muke nema bai fi ƙarfin kowace ma'aikata ba. A sa a cikin kwangila cewa injiniyoyinmu za su tsaya a kan duk kankaren da za a zuba, a nan ko a masana'anta. A ajiye taswirar wayoyin gini, domin wanda bai san wayoyin halal ba, ba zai gane na haram ba ko ya gan su da kyamara. A riƙa rubuta sunan duk wanda ya taɓa bango ko silin na ɗakin shawara, da ranar da ya taɓa. Kyautar baƙo kuwa a ajiye ta a zauren baƙi.

A nan ne kyamarar leƙe take da gurbinta na gaskiya. Ranar da aka karɓi gini, a leƙa kowane soket da kowane bututun waya da saman silin, a ɗauki hoto a adana. Bayan kowane gyara a sake leƙawa a gwada da hoton farko. Mai binciken da ke da hoton jiya yana ganin canjin yau cikin minti kaɗan, wanda ba shi da shi kuwa kallon duhu kawai yake yi. In an ga wani abu, kada a fizge shi, kada kuma a tsaya a gabansa ana salati ana kiran suna, domin mai shi yana ji. A fita a rufe ɗakin a kira waɗanda aikinsu ne. Jami'o'inmu kuma suna da sassan injiniyan lantarki da na kimiyyar lissafi da kwamfuta. Abin kunya ne a ce duk ranar da za a share ɗakin shawara sai an ɗauko ɗan kwangila daga waje, wanda shi ma ba a san wa yake yi wa aiki ba.

Wani ɗan'uwa ya yi mana wata tambaya mai ban haushi saboda gaskiyarta. Ya ce me ya sa za a wahala da fasa bango, alhali kowane minista yana shiga taro da makirufo a aljihunsa, wanda ya saya da kuɗinsa, yake kuma yi masa caji kowane dare? Haka ne. Tun 2021 da aka fallasa yadda gwamnatoci ke amfani da manhajar Pegasus wajen shiga wayoyin 'yan jarida da 'yan siyasa, babu mai hankalin da zai share bango ya bar wayoyi a kan tebur. Akwatin katako a bakin ƙofa inda kowa zai ajiye wayarsa, daga shugaba har mai ɗaukar bayanin taro, ya fi kyamara araha.

Saura mu ɗalibai. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar wa kowane ɗan Nijeriya sirrin gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa na waya, kuma wanda ya yi zargin an dasa masa kunne a ɗakin haya ko a ofishin ƙungiya yana da haƙƙin ya duba. Amma mun ga yadda zargi ke cin ƙungiya fiye da yadda ɗan leƙen asiri zai ci ta. A daren da aka kawo kyamarar nan, kafin a watse, an riga an fara raɗe-raɗin wane ne ke kai rahoto, har an ambaci wani bawan Allah wanda laifinsa kawai ba ya yawan magana. Ba a sami komai a bangon ba sai kyankyaso, amma kwana uku yaron nan yana cin abinci shi kaɗai. Wanda zai duba soket ya kashe wuta tukuna, ya nemi izinin mai kula da ɗakunan kwana kafin ya huda bangon da ba nasa ba, in kuma bai ga komai ba ya fito ya faɗa wa jama'a da babbar murya kamar yadda zai yi in ya gani. Mun nemi wanda ya fara ambaton sunan yaron ya je ya ba shi haƙuri a gaban waɗanda suka ji, ya kuwa je.